Arzikin Arlit, Dandalin Wadata: Tarihin Gidan Raya Al'adu na Umaru Ganda

Tarihin gidan raya al'adu na Umaru Ganda, wanda mutanen Yamai suka fi sani da CCOG, ya faro ne daga wani wuri mai nisan fiye da kilomita 1,000 daga unguwar Wadata, wato daga ramukan haƙar iraniyom na yammacin Abzin. A shekara ta 1968 aka kafa kamfanin SOMAÏR, ya fara fitar da ƙarfen a 1971. Kamfanin COMINAK ya biyo baya a 1974, ya soma aiki a 1978. Dalilin waɗannan kamfanoni biyu ne garuruwan Arlit da Akokan suka tsiro a tsakiyar hamada.

Kamfanonin sun gina wa ma'aikatansu gidaje da asibitoci da kantuna da wuraren shaƙatawa, har aka riƙa yi wa Arlit kirari da Paris ta biyu. Sai dai komi na garin bisa ga muƙami aka tsara shi. Manyan ma'aikata da unguwarsu da wurin hutawarsu, ƙanana da nasu. Talakawan da suka kwararo neman abinci, ba su samu shiga kamfani ba, sai suka kakkafa matsuguni a gefen gari, a unguwannin da ake kira Bukkoki. Ga irin waɗannan mutane, ƙofar gidan shaƙatawa a rufe take.

A daidai wannan lokaci, kuɗin iraniyom ya cika baitulmalin ƙasa, domin shi ne mafi yawan abin da Nijar ke saidawa a waje. Gwamnatin Seyni Kunce, wadda ta karɓi mulki ran 15 ga Afrilu 1974, ta raya tsohuwar al'adar samariya, ta mai da ita ginshiƙin tafiyar da matasa. A 1975 aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa, sannan aka shiga shirya bikin matasa na ƙasa, inda jihohi ke gwada ƙwanji a fagen waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. Irin waɗannan wasanni na buƙatar dandali. Cikin wannan yalwa ne aka gina wa babban birni gida mai fili buɗaɗɗe da ke ɗaukar dubban ƴan kallo, da ɗakin karatu, a ɓangaren gari na tashar mota da kasuwa, nesa da Filato, unguwar ofisoshi da manyan ma'aikata.

Sunan da aka raɗa wa gidan ya dace da wurin. An haifi Umaru Ganda a Yamai a 1935. Yana matashi ya shiga sojan Faransa, aka kai shi yaƙin Indoshin. Da ya dawo bai samu aiki ba, ya tafi Abijan ya yi dako a tashar jiragen ruwa. A can ya gamu da Jean Rouch, wanda ya ba shi babban matsayi a fim ɗin *Moi, un Noir* na 1958. Daga baya shi da kansa ya shirya *Cabascabo*, labarin tsohon soja, da *Le Wazzou polygame*, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972, karo na farko da aka ba da ita. Allah ya yi masa rasuwa ran 1 ga Janairu 1981, aka sa wa gidan sunansa. Ɗan dako ne ya zama gwani, ga kuma sunansa a ƙofar gidan da ɗan dako ke iya shiga.

Yalwar ba ta daɗe ba. Tun farkon shekarun 1980 farashin iraniyom ya faɗi, fari na 1984 ya biyo baya, aka shiga tsuke bakin aljihu, sannan aka karya darajar kuɗin sefa a Janairu 1994. A irin wannan hali, al'adu na cikin abubuwan da ake fara mantawa da su a kasafin kuɗi. Duk da haka dandalin bai mutu ba, saboda jama'a ba su bar shi ba. Ƴan wasan kwaikwayo da makaɗan gargajiya da ƴan makaranta sun ci gaba da hawansa. Daga ƙarshen shekarun 1990, samari masu waƙar rap, irin su Lakal Kaney da Kaidan Gaskia da Wass Wong, suka cika shi da sabbin ƴan kallo, cikin Hausa da Zabarmanci da Faransanci.

Ran 31 ga Maris 2021 COMINAK ya rufe raminsa, bayan fiye da shekara 40 na haƙa, mutanen Akokan suka shiga zullumin makomar duk abin da kamfani ya gina. Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara. Gidan shaƙatawar da kamfani ya yi wa ma'aikatansa, ransa na tare da ramin. Wanda aka yi wa gari kuwa, ransa na hannun mutanen gari.

Saboda haka nauyin gidan Wadata bai rataya a wuyan hukuma ita kaɗai ba. Malamin da ya kai ɗalibansa ɗakin karatu, da ƙungiyar da ta tsai da ranar wasa ta kuma cika alkawari, su ne ke riƙe da shi. Iraniyom ya buɗe hanyar gina shi, amma waɗanda ke shiga cikinsa ne suka hana shi zama kango.