Isawa: Al'ummar da ta taso daga Kano ta kafu a Wusasa

Isawa, waɗanda ake kuma kira Bani Isra'ila, almajiran wani malamin Kano ne mai suna Malam Ibrahim, wanda ya rayu a tsakiyar ƙarni na 19. Daga cikin zuriyarsu aka sami wasu daga cikin Hausawan farko da suka karɓi addinin Kirista a ƙasar Zazzau.

Asalinsu

Malam Ibrahim ya duƙufa kan nazarin ayoyin Alƙur'ani da suka ambaci Annabi Isa (AS), har ya riƙa ba shi matsayin da malaman fada suka ga ya kauce wa koyarwar Musulunci. An nemi ya janye ya ƙi, aka kashe shi a kasuwar Kano wajen 1867, zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Almajiransa suka watse, akasarinsu suka nufi duwatsun Ningi, suna riƙe da wasiyyar da aka ce ya bar musu, cewa wasu za su zo da cikakken bayani a kan Isa.

Haɗuwa da Dokta Miller

Walter Miller likita ne ɗan Ingila na ƙungiyar mishan ta CMS. Yana cikin tawagar Bishop Tugwell da ta isa Kano a 1900, wadda Sarki Alu ya sallama ba tare da ya yarda ta zauna a garin ba. A 1905 ya zauna a birnin Zariya. A 1913 wasu jikokin Isawa suka same shi a can, kuma iyalai da dama suka amince cewa wannan ne saƙon da aka yi musu alkawari. Wasu ba su bi ba, suka ci gaba da zama Musulmi.

Jarrabawar Gimi

Waɗanda suka karɓi sabon addinin sun bar gonakinsu da danginsu, suka tare a ƙauyen Gimi. Ba a daɗe ba cutar barci, wadda ƙudan tsando ke yaɗawa, ta afka wa ƙauyen, ta kashe da yawa, ta tarwatsa sauran. Yaran da suka tsira suka koma makarantar mishan ta Zariya. A koyarwar Kirista, ana kwatanta irin wannan tafiya da ta Annabi Ibrahim, wanda Wasiƙar Ibraniyawa, sura ta 11, ta nuna ya bar ƙasarsa bisa dogara ga Allah, bai san inda zai sauka ba.

Wusasa

A 1929 mishan ɗin ya fita daga cikin ganuwar Zariya ya koma Wusasa, inda aka gina Cocin St. Bartholomew da ƙasa, bisa salon ginin Hausa, tare da makaranta da asibiti. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Miller ya ba da gudummawa mai yawa a cikinsa.

Wannan al'umma ce ta samar da Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, daga zuriyar Isawa ya fito. A Wusasa kuma Janar Yakubu Gowon ya taso.