Tarihin Yashi a Rijiyoyin Mai, da Alaƙarsa da Gadar Malanville

Tun da aka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yuli, 2023, aka rufe gadar da ta haɗa Malanville ta Benin da Gaya ta Nijar, hankalin jama'a ya tattara ga manyan motocin da suka yi jerin gwano suna jira, da kuma bututun ɗanyen mai na kusan kilomita 2,000 wanda ya taso daga Agadem a jihar Difa, ya ƙetare kogin Kwara a wannan yanki, ya gangara har tashar Seme ta Benin a gaɓar teku. Alhali kuwa akwai wata mas'ala can ƙarƙashin ƙasa wadda ba a bahasinta a kasuwa, ita ce mas'alar yashi.

Mai yana zaune ne cikin 'yan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin dutsen yashi, idan kuwa ƙwayoyin ba su kama juna da ƙarfi ba, sai su biyo shi zuwa sama, su cinye famfo, su huda ƙarfe, daga bisani su binne rijiyar kanta. Mahaƙan rijiyar ruwa sun san wannan illa tun zamanin da ba a rubuta ba. Duk wanda ya tsaya kan mahaƙi a fadamun bakin kogi, wuraren shinkafa da albasa, ya ga yadda farin rairayi ke kwararowa tare da ruwa ta ƙarƙashin zoben siminti, guga ta fito rabinta yashi, mahaƙi yana yasa, rami yana komawa jiya i yau. Bayan da Edwin Drake ya haƙa rijiyarsa a Amurka a 1859, masu mai sun daɗe ba su da wata dabara illa irin wannan yasa.

Maganin ma daga masu rijiyar ruwa aka aro shi. Edward Johnson ya kafa kamfanin ƙera rariyar rijiya a 1904, a shekarun 1930 kuma aka shiga zuba tsakuwa a kewayen rariyar a rijiyoyin mai, har a 1974 injiniya Saucier ya tabbatar da ƙa'idar da ake bi yau, wato girman tsakuwar ya ninka na ƙwayar yashin sau 5 zuwa 6, domin ta tare yashi ta bar mai ya wuce.

A kan sababin fitowar yashin ne ma'abota wannan ilmi suka yi saɓani. Wasu suka ɗora laifin ga raunin dutse, suna kafa hujja da rijiyoyin Neja Delta, inda yashin bai daskare ba. Wasu suka ce ruwa ne, domin 'yar laimar da ke riƙe ƙwayoyi tana warwarewa da zarar ruwa ya mamaye rijiya. Dukkansu suna da rabon gaskiya, amma ni abin da na rinjayar shi ne gaggawar ɗan Adam. Karl Terzaghi ya bayyana tun 1925 cewa nauyin ƙasa rabuwa yake yi tsakanin ƙwayoyi da ruwan da ke tsakaninsu. Saboda haka gwargwadon yadda aka zuƙi mai da ƙarfi, matsin ciki ya ragu, gwargwadon haka nauyin zai koma kan ƙwayoyin har su murƙushe. Dutsen nan mai rauni ya zauna lafiya shekaru miliyoyi kafin a taɓa shi. Mafi muni kuwa shi ne a rufe rijiya kwatsam, a sake buɗe ta kwatsam, domin kowace girgiza tana rushe 'yar bakar da ƙwayoyin suka gina a bakin kafofi.

To, man Agadem a dutsen yashi yake. Tun shekarun 1970 kamfanin Texaco ya ga alamarsa, Esso da Elf suka biyo baya, aka bar shi kwance har kamfanin CNPC na Sin ya karɓa a 2008, matatar SORAZ ta Damagaram, mai ƙarfin tace ganga 20,000 a yini, ta fara aiki a 2011. Bututun da ya gangara Seme kuwa an tsara shi ya ɗauki ganga 90,000 a yini. Amma a Mayun 2024 shugaban Benin, Patrice Talon, ya hana lodin mai a Seme, aka sasanta, jirgin farko ya tashi. A Yuni aka kama 'yan Nijar 5 a Seme, Yamai ta rufe famfo, 'yan tawaye suka fasa bututun, ba a koma lodi ba sai Agusta. Irin wannan rufewa da buɗewa ce ake gudun ta tayar da yashi. Benin kuwa ta san zafin mutuwar rijiya, tun da nata filin na Seme, wanda ya fara ba da mai a 1982, an rufe shi a 1998 bayan ruwa ya rinjayi mai, farashi kuma ya faɗi.

Ina roƙon mahukuntan Yamai da na Kwatano, kowane irin saɓani ya shiga tsakaninsu, su zauna su warware shi da baki, su bar famfon Agadem a hannun injiniyoyin da suka san yadda ake buɗe shi sannu a hankali.