Hamada Cikin Littattafan Hira na Samari: Daga Hanyar Fatake Zuwa Ƙasar Aljannu

Duk malamin da ya taɓa koyad da Hausa a makarantun ƙasar Kano ya san irin littattafan nan da yara su kan ɓoye a aljihu, su riƙa leƙawa sa'ad da a ke darasi. Labarun jarumai ne masu ratsa sahara bisa ingarmu, da birane na sihiri a tsakiyar rairayi, da aljannu masu gadin rijiyoyi. Malamai da dama su kan raina su, su ce aro ne kawai daga Larabawa da finafinan Indiya. Abin da mu ke nufi da wannan takarda shi ne mu nuna cewa hamadar nan ta cikin littattafai tana da tarihi, ana kuwa iya bin sawunta. Mun zaɓi mu dube ta daga ƙasar Kura da Bunkure da Kadawa, gama da wuya a sami wani wuri a ƙasar Kano da ya ga farkon al'amarin da ƙarshensa kamar nan.

I. Hamada ta Fatake

A ƙarni na 19 hamada hanya ce wadda mutanen Kano su ka sani da zangunanta. Ayari ya kan tashi daga Kano ya bi ta Damagaram, da Agadas, da Gat, da Gadamus, har Tarabulus a bakin bahar. Larabawan Gadamus suna da gidajensu cikin birni. Sa'ad da Heinrich Barth ya iso Kano cikin 1851, abin da ya fi ba shi mamaki shi ne yadda tufafin da a ke saƙawa a ke rinawa a ƙasar su ke kai wa nesa.

Cikin wannan ciniki Kura tana da babban rabo. Nan ne a ke yin turkuɗi: a ɗinka ƙananan sawaye, a rina a karofi da baba, sa'an nan a kai mabuga a buga da shuni har ya riƙa ƙyalli. Buzaye ba su da abin ado da ya fi musu wannan daraja, har rawanin ya sami suna ɗan Kura. Saboda haka marinin Kura, ko da bai taɓa wuce Kazaure ba, ya san wanda zai naɗa abin da ya rina, ya san lokacin saukar ayarin gishirin Bilma, ya san abin da raƙumi ke iya ɗauka. Hamada a wurinsa kasuwa ce mai nisa, mai wahala, amma ta mutane.

Wannan hanya ta mutu cikin 'yan shekaru kaɗan. Faransawa su ka kama Damagaram cikin 1899, Ingilishi su ka ci Kano cikin 1903, jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, Italiya kuma ta faɗa wa Tarabulus cikin wannan shekara. Fata da gyaɗa su ka juya kudu zuwa Ikko. Cinikin turkuɗi da na gishiri bai yanke ba, amma tafiya daga Kano zuwa bakin bahar bisa raƙumi ta zama labarin tsofaffi.

II. Inda Sihirin Ya Fito

In mun duba tatsuniyoyinmu na gargajiya, irin waɗanda Frank Edgar ya tattara ya buga tsakanin 1911 da 1913, za mu ga da wuya a ambaci hamada. Wurin tsoro a tatsuniya shi ne ƙungurmin daji, da kogi, da gindin kuka ko tsamiya. Nan Dodo ya ke, nan Gizo ke ƙulla makircinsa. Abin da gargajiya ta riga ta mallaka shi ne labarin ruwa mai gadi, gama ko labarin Bayajida kansa a kan rijiyar Kusugu ya ke, da macijin da ya hana mutanen Daura ɗiban ruwa sai ran Juma'a.

Hamada mai aljannu kuwa ta zaurukan malamai ta shigo. Malamai sun daɗe suna karanta Alfu Laila, da Maƙamatul Hariri, da ƙissoshin annabawa, suna kuma ba da labarin Dutsen Ƙaf da ke kewaye da duniya. Cikin 1924 a ka buga fassarar Dare Dubu da Ɗaya da boko. To, sa'ad da hamada ta gaske ta ke gushewa daga idon mutane, sai ga ta littattafai tana shigowa hannun 'yan makaranta. Haɗuwar waɗannan abubuwa biyu ita ce tushen dukan abin da ya biyo baya.

III. Gasar 1933

Cikin 1933 Dokta R. M. East, shugaban Hukumar Talifi ta Zariya, ya zaga manyan garuruwa yana roƙon malamai su rubuta labarun hira na ƙagawa, domin waɗanda su ka koyi boko su sami abin karantawa. Daga wannan gasa a ka sami littattafai biyar: Ruwan Bagaja, da Ganɗoki, da Shaihu Umar, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Ya kamata a lura da cewa Malam Abubakar Imam da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ba su fi shekara 22 ba a lokacin. Samari ne, malaman makarantar Midil, su ka rubuta wa na bayansu.

Shaihu Umar shi ne littafin da ya riƙe hamada ta gaske. An sace Umar yana yaro, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, wanda ya ƙetare da shi zuwa Ber Kufa. Uwarsa ta fita nemansa, ita ma a ka bautad da ita, a ka kai ta har Tarabulus. A cikin wannan littafi ba aljani ke halaka ayari ba, ƙishirwa ce da guguwar rairayi, masu mugunta kuwa 'yan Adam ne masu cinikin bayi. Tafawa Ɓalewa ya rubuta a zamanin da waɗanda su ka yi wannan tafiya da ƙafarsu su ke da rai.

Ruwan Bagaja ya ɗauki wata hanya dabam. Alhaji Imam ya bar Kwantagora don ya samo ruwan da zai warkad da ɗan Sarki, ya kuma wanke Liman daga kunyar da a ka ba shi a fada. Rabin littafin wasa ne tsakaninsa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman a garuruwan da kowa ya sani, irin wasan da mawallafin ya koya daga Hariri. Amma da tafiya ta yi nisa, sai taswira ta ƙare, a shiga ƙasar aljannu, can ne ruwan ya ke. Haka Ganɗoki na Malam Bello Kagara: ya fara da yaƙin Turawa, wanda tarihi ne, sa'an nan jarumin ya nufi gabas ya shiga yaƙi da aljannu da matsafa, ya komo ya tarad da ƙasarsa ta sake. Abin lura a nan shi ne, a littattafan nan biyu sihiri ba ya farawa sai inda sanin mai karatu ya tsaya.

IV. Hanyar da Ta Rinjaya

Cikin hanyoyin nan biyu, ta Imam da Bello Kagara ita ta sami magada. Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa cikin 1937, ya saba wa yara da sarakunan gabas da waziransu. Cikin 1951 Malam Ahmadu Ingawa ya fito da Iliya Ɗan Maiƙarfi, wanda asalinsa labarin wani jarumin Rasha ne, amma ya sa masa rigar Hausa har ba a gane baƙo ne. A shekarun 1960 a ka sami Tauraruwar Hamada na Sa'idu Ahmed Daura, inda hamada ta hau har kan bangon littafi. Shaihu Umar kuwa, ko da ya ke an fassara shi da Ingilishi cikin 1967, Adamu Halilu kuma ya mai da shi fim cikin 1976, bai sami masu bin sawunsa da yawa ba.

Daga tsakiyar shekarun 1980, sa'ad da marubuta su ka fara buga littattafansu da kansu a Kano, an fi maganar littattafan soyayya. Amma tare da su a ka sami waɗanda masu karatu ke kira littattafan yaƙi, irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, masu fitowa kashi kashi, samari na haya suna karɓa hannu da hannu. Hamadarsu ba ta da Agadas, ba ta da Bilma, ba ta da ko farashin gishiri. Fili ne na gwada jarumtaka. Wannan ba ga Hausawa kaɗai ya tsaya ba: a Amurka Frank Herbert ya gina duniyar rairayi cikin Dune a 1965, Nnedi Okorafor kuma ta kafa The Shadow Speaker na 2007 a ƙasar Nijar ta shekarar 2070, don matasa.

V. Mai Karatu a Kadawa

Mu koma inda mu ka fara. A zamanin Gwamna Audu Baƙo a ka soma gwajin noman rani a Kadawa, a ka gama madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974, cikin 1976 kuma a ka kafa Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are. Ruwa ya bi magudanai ya ratsa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, ƙasar da a ka sani da rini ta zama ta alkama da shinkafa da tumatir. A daidai waɗannan shekaru ne fari na 1973 ya kashe dabbobin Buzaye, da yawansu su ka gangaro Kano su ka kama aikin gadi.

To, sai a dubi yaron da ya tashi a wannan ƙasa bayan haka. Yana ganin ruwa na gudu a tsakiyar rani, abin da kakansa zai ce sai a Ruwan Bagaja. Buzun da a dā shi ne babban mai sayen turkuɗin gidansu, yanzu a ƙofar gidan wani ya ke ganinsa. Hamadar da ya sani ita ce ta littafin yaƙi. Jikan marinin da ya san zangunan Azbin ya fi sanin sunayen sarakunan aljannu. Ribar da a ka samu ita ce dubban yara sun iya karatun Hausa ta wannan hanya, ba da bulala ba. Hasarar kuwa ita ce an manta hamada wurin maƙwabta ne, masu dangantaka da mu ta ciniki da aure da addini.

VI. Ga Malamai

Ƙwace littafin daga hannun yaro ba ya maganin wannan hasara. Abin da ya fi shi ne malami ya bar shi da jaruminsa, sa'an nan ya ajiye masa Shaihu Umar kusa da Ruwan Bagaja, ya shimfiɗa taswira, ya ce a nuna masa inda Umar ya bi, da inda hanyar Alhaji Imam ta fita daga takarda. Malamin da ke koyarwa a ƙasar Kura yana da abin da ya fi taswira, gama zai iya aika ɗalibansa wurin tsofaffin marina da mabuga su tambayo su wa ke sayen ɗan Kura, da ta ina ya ke bi. Abin da su ka rubuto shi ma sai a adana shi, domin masu bincike na gaba za su bukace shi.