Daga Michael West Zuwa Pacesetters: Yadda Labari Ya Koya Mana Turanci

Akwai wani zargi da mu marubuta littattafan Hausa muka daɗe muna sha, wai mu ne muka kashe wa yaran Arewa Turanci. Malaman makaranta sun faɗa, iyaye ma sun faɗa, cewa tun da samari da 'yan mata suka rungumi littattafan soyayya suka daina taɓa na Turanci, shi ya sa ake ta faɗuwa jarrabawar WAEC. Zargin ba ƙarami ba ne, domin duk mun san yaron da bai ci Turanci ba jami'a ta yi masa nisa, kome ƙoƙarinsa a sauran darussa. To amma Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Kafin a yanke mana hukunci, ya kamata a duba ta wace hanya na gaba da mu suka tara Turancin da ake yabo, sannan me ya zo ya toshe hanyar.

Bari in fara da garinmu Illela. Tsakaninmu da Birnin Ƙonni tafiya ce 'yar kaɗan, harshenmu ɗaya, auratayya kuwa ba a magana. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1904 da 1906 ita ce ta ja layi tsakaninmu, sai ya zamana ɗan Illela na zuwa makarantar boko ya koyi Ingilishi, ɗan'uwansa na Ƙonni na zuwa lakwal wajen mushe ya koyi Faransanci. Saboda zaman bakin iyaka, yaron Illela kan tashi da wasu kalmomin Turanci a bakinsa ba tare da ya san na aro ba ne, irin su boda da kwastan da fasfo da sumoga. Kunne ne ya ba shi su a tasha da kasuwa. Amma abin da kunne kan bayar bai taka kara ya karya ba. Sauran dubban kalmomin da ake bukata a rubuta wasiƙa ko a ci jarrabawa, babu mai furta su a kasuwar dabbobi, a takarda kaɗai ake gamuwa da su.

Wannan matsala wani Bature ya hango ta tun da daɗewa, a can ƙasar Indiya. Sunansa Michael West, shugaban kwalejin horon malamai a birnin Dhaka, wanda yanzu yake ƙasar Bangaladash. Ya lura cewa yaran da ba sa jin Turanci a gida sun fi bukatar iya karanta shi, kuma littattafan da ake ba su an jibga masu baƙin kalmomi har sun shaƙe. Sai a wajejen 1926 ya fara fitar da jerin littattafan da ake kira New Method Readers. Dabararsa mai sauƙi ce: a ba yaro labari mai daɗi, a jefa sabuwar kalma guda a tsakiyar kalmomi masu yawa da ya riga ya sani, sannan a yi ta maimaita ta har ta zauna. A 1935 shi da James Endicott suka buga ƙamus wanda duk bayanin cikinsa an yi shi da kalmomi 1,490 kacal. Wannan ƙamus ya shiga makarantun Nijeriya sosai, har ma sunan mutumin ya koma sunan littafin, ka ji dattijo na cewa shi da Michael West ya koyi Turanci. Mu nan Arewa kuma a 1965 aka ƙara mana da Kamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner.

Bayan samun 'yancin kai sai labaran suka matso kusa da gida. Cyprian Ekwensi, wanda aka haifa a Minna, ya fitar da The Passport of Mallam Ilia a 1960, da Burning Grass a 1962, shekarar da kamfanin Heinemann ya buɗe jerin African Writers Series da littafin Chinua Achebe. Amfanin waɗannan ga mai koyo shi ne ya riga ya san duniyar da ake ba shi labarinta. Idan Bafillace na bin shanunsa, ko Malam Iliya na farautar wanda ya kashe masa mata, ai rabin ma'anar baƙuwar kalma na nan cikin kan yaro tun kafin ya buɗe ƙamus.

Amma a ganina babu abin da ya yi wa ɗaliban Arewa aiki kamar Pacesetters na kamfanin Macmillan, waɗanda suka fara fitowa a 1977, shekara guda bayan gwamnati ta buɗe shirin UPE ta cika azuzuwa da yara. Littattafai ne ƙanana masu shiga aljihu, da bango mai ɗaukar ido, Turancinsu kuma bai fi ƙarfin ɗan sakandare ba. An buga sama da ɗari. Cikin na farko akwai The Undesirable Element na marigayi Mohammed Sule, ɗan Kano, labarin Bintu 'yar makaranta da kwaɗayin abin hannun masu kuɗi ya kai ta ya baro. Ya biyo shi da The Delinquent a 1979. Ka ga tun daga bango ka tsinci kalmomi manya guda biyu, kuma kafin ka kai ƙarshen littafin halin mutanen ciki ya fassara maka su. Akwai kuma The Smugglers na Kalu Okpi, wanda ranar da na fara ganin sunansa na gane ashe ɗan sumoga da muke faɗa kullum a Illela ga inda ya samo asali. Mutum ne ka san muryarsa shekara da shekaru, sai ranar ka ga fuskarsa.

A gefe guda 'yan mata na fama da Mills & Boon, samari kuma da James Hadley Chase. Wani abin dariya, shi Chase ɗin mutumin Ingila ne, littafinsa na farko da ya fito a 1939 kuma da taimakon taswira da ƙamus na karin maganar 'yan iskan Amurka ya rubuta shi. Wato shi ma a takarda ya tsinci Turancin da muke kwaikwayo. Illar wannan hanya ba ta ɓoyu ba: akan sami ɗalibi ya zuba kalmar 'yan fashin Amurka a wasiƙar neman aiki, kuma kalmar da ido kaɗai ya sani baki kan karya ta wajen furtawa. Duk da haka an tara jari.

Mu da muka yi sakandare a shekarun 1990, saura muka tarar. Littafin kan iso hannunka bango ya cire, an ɗinke shi da zare, wani lokaci shafin ƙarshe ya ɓace sai ka nemi wanda ya karanta ya ƙarasa maka da baki. Sai dai akwai wata gajiya da muka ci a cikinsu: waɗanda suka riga mu sun ja layi da fensir ƙarƙashin kalmomi masu wuya, sun rubuta ma'ana da Hausa a gefen shafi, wani ma ya zo ya soke ta wani ya gyara. Ƙa'idarmu ita ce ba a tsayar da labari don kalma guda. Haɗuwar farko ka yi hasashe ka wuce. Ta biyu ka ja mata layi. In ta dawo karo na uku, to ta cancanci ka je aron ƙamus, ka rubuta ta a bayan littafin rubutunka tare da jimlar da ka same ta a ciki. Kalmomin da na tara ta haka har yau suna nan, kowace da mutumin da ya faɗe ta da halin da yake ciki. Waɗanda aka rubuta mana a allo muka haddace don gwajin Juma'a kuwa, tuni suka bi ruwa.

Masana sun zo daga baya sun auna abin. Paul Nation na ƙasar New Zealand ya nuna cewa sai mai karatu ya san kamar kalma 98 cikin kowace 100 sannan zai karanta labari ba tare da taimako ba. Ka ga ke nan sirrin yana ga tsani: a fara da mai sauƙi, a hau zuwa mai wuya. West ya kafa matakin farko, Pacesetters na tsakiya, su Achebe na sama.

To me ya karya tsanin? A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP, darajar naira ta faɗi. Dalar da a da ba ta kai naira guda ba, zuwa 1987 ta kai wajen naira 4, ta kuma ci gaba da hawa. Littafin da ake bugowa daga waje ya fi ƙarfin talaka, kamfanoni suka ja baya, ɗakunan karatu na makarantu suka koma ma'ajiyar karyayyun kujeru. Daidai wannan lokaci ne littattafan Hausa masu araha suka cika kasuwa, irin su Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu a 1987, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a farkon shekarun 1990. Aka yi ta muhawara a kansu a jaridu, Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu ya tsaya masu. Abin lura dai shi ne ba mu muka kori na Turanci ba, fili muka tarar babu kowa muka kafa rumfa. Ba don rumfar ba, da yara da yawa sun rabu da karatun nishaɗi kwata-kwata.

Yau kusan kowane ɗalibi na da ƙamus a wayarsa, taɓawa ɗaya ma'ana ta fito. Abin da ya yi ƙaranci shi ne labarin da zai riƙe shi har kalmar ta dawo masa sau uku. Saboda haka kirana ga malamai da iyaye shi ne, yarinyar da kuka ga ta kwana kan littafin Hausa kada ku ƙwace, ta riga ta mallaki abu mafi wuya, wato haƙurin zama da littafi. A ɗora mata na Turanci daidai ƙarfinta kusa da shi, a bar labari ya yi aikinsa yadda ya yi wa iyayenta. Allah Ya sa mu dace, amin.