Gidan Montacute na Ingila: Gininsa da Gyaran da Aka Yi Masa

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a nuna yadda gyara kan shige cikin tsohon gini har ya ɓad da sawu. Misalin da za a duba shi ne gidan Montacute da ke ƙauye a lardin Somerset na Ingila.

2.0 Asalin Ginin

Sir Edward Phelips, wani lauya wanda ya zama Kakakin Majalisar Wakilai a 1604, shi ya sa aka gina gidan a ƙarshen zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, aka gama wajen 1601. An yi shi da wani dutse mai ruwan zuma da ake haƙowa a tudun Ham, kusa da wurin. Hawa uku ne, a na ƙoli kuwa akwai dogon ɗaki mai tsawon ƙafa 172. Ƙofar shiga tana fuskantar gabas, ɗakunan kuma a jere suke, wato sai mutum ya ratsa wani kafin ya kai wani.

3.0 Gyaran 1786 zuwa 1787

A 1786 aka shiga rushe wani tsohon gida mai suna Clifton Maybank a lardin Dorset. Wani Edward Phelips, daga zuriyar na farkon, ya sayi sassaƙaƙƙun duwatsun fuskarsa, ya sa aka kwaso su aka tayar da su a yammacin Montacute.

Wannan aiki ya haifar da abu biyu. Na farko, an sami siririyar hanya a bayan sabon bangon, kowane ɗaki ya sami ƙofarsa, masu gida suka huta da ratsen barori da baƙi. Na biyu, gidan ya juya: bayansa ya zama gaba, aka koma shiga ta yamma.

Abin lura shi ne, duwatsun nan su ma na tudun Ham ne, kuma sun girmi Montacute da kimanin shekara 50. Saboda haka sashen da ya fi kama da tsoho shi ne ya zo daga baya. Manazarcin da ya dogara ga salon sassaƙa kaɗai zai kifar da tarihin gidan.

4.0 Kammalawa

Daga bisani dukiyar zuriyar ta ja baya. Lord Curzon ya yi hayar gidan daga 1915 har rasuwarsa a 1925, sannan a 1931 ya koma hannun ƙungiyar National Trust. Tambayar da ke gaban masu adana irin waɗannan gine-gine ita ce, wane fasali za a riƙe? A Montacute an bar na 1601 da na 1787 tare, domin cire gyaran zai shafe shaidar yadda zaman iyali ya sake, ya kuma hallaka abin da aka ceto daga Clifton Maybank.