Rikicin Bishop-Bishop na Afirka ta Arewa a kan Fassarar Littafi, 303 zuwa 430 Miladiyya

Gabatarwa

Kafin zuwan Musulunci, yankin da ya ƙunshi Tunisiya da gabashin Aljeriya na yau yana ƙarƙashin Daular Rumawa, kuma yana cikin wuraren da addinin Kirista ya fi kafuwa a duniya. Kusan kowane gari yana da bishop nasa, wato shugaban malaman majami'a, babbansu kuwa yana zaune a birnin Kartaj, kusa da Tunis ta yanzu. A wannan yanki ne aka yi wata rarrabuwa da ta wuce shekara ɗari, wadda masana tarihi ke kira rikicin Donatiyawa. Abin lura shi ne ɓangarorin biyu ba su saɓa a kan asalin aƙida ba, littafinsu ɗaya, ibadarsu ɗaya. Abin da ya raba su shi ne fassarar wasu ayoyi ƙalilan, da kuma tambayar ko malami mai laifi yana iya tsarkake wani.

Mafarin Rikicin

A watan Fabrairu na shekarar 303 Sarkin Rum Diyokilishiyan ya ba da umarnin a rushe majami'u, a kuma ƙwace littattafan Kiristoci a ƙona. A wancan zamani da hannu ake rubuta littafi, saboda haka rasa kwafi ɗaya babbar asara ce. Malamai suka kasu. Wasu suka ƙi miƙawa aka kashe su, wasu suka yi dabara suka ba da littattafan da ba na ibada ba, wasu kuwa suka miƙa komai don su tsira da ransu.

Akwai rahoton hukuma da ya tsira har yau game da binciken da aka yi a garin Sirta, wanda yanzu ake kira Kusantina a Aljeriya, ranar 19 ga Mayu, 303. Magajin gari ya shiga gidan taron Kiristoci da magatakardansa, aka fito da kaya ana lissafawa a gaban bishop: kofunan zinariya 2, na azurfa 6, fitilu, da tarin riguna da takalma. Daga nan aka bi gidajen masu karatu ɗaya bayan ɗaya ana karɓar littattafai. Cikin waɗanda suka taimaka wajen fito da kayan akwai wani ƙaramin ma'aikaci mai suna Silbanus, wanda daga baya ya zama bishop na garin.

Da tsanantawar ta lafa, sai aka shiga kallon juna. Wajen shekarar 311 aka naɗa Kaisiliyan bishop na Kartaj. Bishop-bishop na lardin Numidiya, kimanin su 70, suka taru suka ce naɗin bai inganta ba, domin ɗaya daga cikin waɗanda suka ɗora masa hannu, Filikus na Abtugni, yana cikin masu miƙa littafi. Suka naɗa Majorinus a madadinsa, da ya rasu kuma Donatus ya gaje shi, wanda ƙungiyar ta samu sunanta daga gare shi. Silbanus na Sirta yana cikin masu yanke wannan hukunci, sai a shekarar 320 aka tono rahoton nan a kotu asirinsa ya tonu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Shigowar Sarki

Mutanen Donatus ne suka fara kai ƙara gaban Sarki Konstantin, wanda ya riga ya karkata ga addinin Kirista. Aka zauna a Rum a 313, aka sake zama a garin Arles na ƙasar Faransa ta yau a 314, duka biyun aka ba Kaisiliyan gaskiya. Binciken hukuma ya wanke Filikus, sarki da kansa ya tabbatar da hukuncin a 316. Ya gwada ƙwace majami'unsu, da ya ga abin bai ci ba ya janye a 321. A 347 aka sake far musu da sojoji, aka kashe wasu, aka kori Donatus daga ƙasar, ya rasu a can. Wannan ya ƙara musu farin jini a wurin talakawa, domin sun zama su ne ake zalunta kamar magabatansu. A taron da suka yi a Bagai a 394, bishop-bishop 310 ne suka halarta. A garuruwa da dama akwai bishop biyu da majami'a biyu, har aure da cinikayya sukan yi wuya tsakanin maƙwabta.

Ayoyin da Aka Yi Jayayya a Kansu

Donatiyawa sun dogara da koyarwar Sifiriyan, bishop na Kartaj da aka fille wa kai a 258, wanda kowane ɓangare ke girmamawa. Shi ya koyar cewa baftismar da aka yi a wajen ikilisiya ta gaskiya ba ta da inganci. Saboda haka duk wanda ya komo wurinsu daga ɗaya ɓangaren sai sun sake masa baftisma. Suna kafa hujja da Waƙar Sulemanu, inda aka kamanta amarya da lambu mai shinge da maɓuɓɓuga a rufe, suna cewa ikilisiya ke nan, ruwanta na waɗanda ke ciki ne kaɗai. Haka kuma suna kawo jirgin Nuhu, wanda mutum takwas kawai suka tsira a cikinsa, don nuna cewa ƙarancin jama'a ba aibi ba ne.

Babbar jayayyar tana kan wani misali da ke sura ta 13 ta Linjilar Matiyu. Wani manomi ya shuka alkama, maƙiyinsa ya zo da dare ya watsa irin ciyawa mai kama da ita. Barori suka nemi su cire ciyawar, maigida ya hana, ya ce a bar su tare sai lokacin girbi, kada a tumɓuke alkamar. Mabiya Kaisiliyan suka ce gonar ita ce ikilisiya, nagari da mugu za su zauna tare a cikinta har ranar hisabi. Donatiyawa suka ce a duba bayanin da Almasihu ya yi da bakinsa a cikin surar, inda ya ce gonar duniya ce. A ganinsu haƙuri da mugaye a duniya ake yinsa, ikilisiya kuwa wajibi ne ta tsarkake kanta. Da aka kawo musu misalin taru da ya kamo kifi mai kyau da marar kyau, sai suka amsa cewa masunci bai san abin da ke cikin taru ba muddin yana ƙarƙashin ruwa, don haka misalin yana magana ne a kan mai laifin da ba a sani ba.

A tsakiyar wannan gardama wani masani ya fito daga cikin Donatiyawa, sunansa Tikoniyus, wanda ba bishop ba ne. Ya rubuta littafi mai ƙa'idoji bakwai na fassara, wanda ake ɗauka shi ne irinsa na farko a harshen Latin. Ƙa'idarsa ta biyu ta ce ikilisiya jiki ɗaya ce mai ɓangare biyu, dama da hagu, shi ya sa littafi yakan yabi jama'a ɗaya ya kuma zarge ta a wuri guda. Wannan magana ta rushe tushen ƙungiyarsa, saboda haka Farmeniyan, magajin Donatus, ya fitar da shi. Duk da haka bai koma ɗaya ɓangaren ba.

Agustin na Hifo

Wanda ya ci moriyar aikin Tikoniyus shi ne Agustin, haifaffen Tagast, wato Suk Ahras ta yau, a 354. Ya zama bishop na Hifo, Annaba ta yanzu, wajen 395, a lokacin da Donatiyawa suka fi rinjaye a garin. Ya ɗauki ƙa'idojin nan bakwai ya taƙaita su a littafinsa na koyar da fassara. Hujjarsa ta farko ita ce Almasihu ne ainihin mai yin baftisma, malami hannu ne kawai, don haka zunubin malami ba ya ɓata ta. Ta biyu kuwa, an yi wa Ibrahim alkawarin albarka ga dukkan al'ummai, to yaya gaskiya za ta taƙaita a kusurwa ɗaya ta Afirka? Game da jirgin Nuhu ya tuna musu cewa dabbobi masu tsarki da marasa tsarki duk suna ciki.

Amma akwai inda fassararsa ta bar baya da ƙura. Shi da kansa ya rubuta a wata wasiƙa ta wajen 408 cewa da farko ra'ayinsa shi ne kada a tilasta wa kowa, a yi amfani da hujja kawai. Bayan dokar da Sarki Honoriyus ya kafa a kan Donatiyawa a 405, ya ga mutane da yawa sun sauya, ya kuma tuna yadda garinsu ya juya saboda tsoron doka, sai ya sake ra'ayi. Ya kafa hujja da misalin biki a sura ta 14 ta Linjilar Luka, inda waɗanda aka gayyata suka ƙi zuwa, maigida ya aiki baransa ya matsa wa mutanen hanya su shigo. Agustin ya ce wannan izini ne ga hukuma ta matsa wa 'yan aware. Gaskiya ne ya riƙa roƙon alƙalai kada su yanke hukuncin kisa, amma ya amince da tara da ƙwace dukiya da kora.

Taron Kartaj na 411

A watan Yuni na 411 sarki ya sa aka yi muƙabala a Kartaj ƙarƙashin wani babban jami'i mai suna Marsilinus. Ɓangaren Agustin ya zo da bishop-bishop 286, Donatiyawa kuma kusan 280. Kowane ɓangare ya fitar da masu magana bakwai, magatakarda suna rubuta kowace kalma. Donatiyawa suka ƙi zama, suna cewa Zabura ta hana zama tare da mugaye, sai alƙalin da abokan hamayyarsu su ma suka tsaya. An yi zama uku, a na ƙarshe aka sake tayar da maganar gona da taru. Marsilinus, wanda tun farko ɗan ɓangaren Agustin ne, ya yanke hukunci a kan Donatiyawa. A 412 aka fitar da dokar tara gwargwadon matsayin mutum, aka kuma ƙwace majami'unsu.

Kammalawa

Nasarar ba ta daɗe ba. Agustin ya rasu a watan Agusta na 430, mayaƙan Bandal suna kewaye da Hifo, suka kuma ci Kartaj a 439. Har ƙarshen ƙarni na shida wasiƙun Fafaroma Giregori suna ambaton Donatiyawa a Numidiya. Larabawa sun ci Kartaj a 698, daga nan addinin Kirista ya yi ta raguwa a yankin har ya ɓace bayan wasu ƙarnoni.

Fassarorin kuwa sun fi masu su tsawon rai. Koyarwar cewa ingancin baftisma bai rataya a kan halin malami ba ta zama matsayin akasarin ikilisiyoyi har yau. Ita kuma fassarar misalin biki an yi ta jawo ta a Turai don halatta tsananta wa masu saɓani, har wani masani Bafaranshe, Piyer Bel, ya rubuta littafi guda a 1686 don rushe ta, shekara ɗaya bayan an soke 'yancin Furotesta a Faransa. Mai nazarin tarihi zai lura cewa kowane ɓangare ya nemi taimakon sarki lokacin da yake sa ran nasara, ya kuma yi kukan zalunci lokacin da takobin ya juyo kansa.