Rumbun gandu da tukunyar gida

Ƴan'uwa manoma, maza da mata, tarihin da za mu duba yau ba na sarauta ba ne. Tarihin rumbu ne da tukunya, da yadda suka riƙe gidajenmu a shekarun wahala.

A ƙauyukan ƙasar Maradi, zamanin kakanninmu, gida yana da gona iri biyu. Akwai gandu, gonar gida duka, tana hannun maigida. Akwai gamana, ƴar gonar da ake yanka wa mace ko saurayi. Yawancin kwanakin mako ana aikin gandu, sauran kwanakin kowa ya nufi gamanarsa. In an yi girbi, a fidda zakka, dami ɗaya cikin goma. Sauran hatsin gandu a zuba shi rumbu da zangarniyarsa, ba a sussuke ba, don ya fi daɗewa haka. Sai a rufe. Duk rani ba a taɓa shi. Samari su tafi cin rani, mata su ci da yara da hatsin gamana da ƴar sana'arsu. Sai ruwan shuka ya sauka maigida ke buɗe rumbun, don lokacin ne jiki ke bukatar ƙarfin noma. Gidan da ya samu shekara mai kyau yakan bar rumbu ɗaya a rufe har shekara biyu ko uku.

Wannan aikin maigida ne. Aikin mata ya fi shi yawa, amma ba a cika faɗinsa ba. Ni na gan shi wajen kakata. In ta karɓi awon yini, kafin ta kai turmi sai ta ɗebi hannu ɗaya ta zuba cikin wani tsohon tulu. Ba wanda ya taɓa jin furar ta ragu. Dusar surfe ta awaki ce. Ƙasarin wankin hatsi ba a zubar da shi, a ba bisashe. Da rana fura, da dare tuwo, da safe ɗumamen abin da ya kwana. Ƙanzon gindin tukunya ma ta kankare shi, ta shanya, ta tara cikin buhu. Ran da ba a ɗora tukunya ba, ta jiƙa shi, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli da ɗan barkono. Mu yara har faɗa muke yi a kansa.

Miyarta kuwa ba ta jiran kasuwa. Tun damina take yanka kuɓewa ta shanya. Ta shanya kuka da yakuwa da tafasa. Ƴaƴan yakuwa ta dafa su, ta rufe su har su yi, su zama daddawar batso. Gishiri da kanwa kawai take saye. Nama sai salla, ko suna, ko an yi babban baƙo. Ban taɓa jin ta kira wannan zama talauci ba. Abin da take kira talauci shi ne mutum ya ci irin shukarsa.

Me ya koya musu wannan tsimi? Yunwa ce. A 1913 ruwa bai yi ba, a 1914 aka shiga yunwar da ake kira Kakalaba. Ta ci mutane da yawa a ƙasar Hausa, nan da Najeriya duka. Mutane sun tona gidan tururuwa don su ɗebi hatsin da ta tara. Sun sussuke ƙarangiya. Sun ci ƴaƴan anza, waɗanda sai an jiƙa su kwana da kwanaki, ana sake ruwa, kafin ɗacinsu ya fita. Wanda ya rayu a wannan shekara bai ƙara raina tsabar hatsi ba, kuma haka ya tarbiyyantar da ɗiyansa.

A 1931 fara ta cinye gonaki a yammacin ƙasa, wajen Zabarmawa, ga lanho ana karɓa ba sassauci. Bayan wannan yunwa Nasara suka tilasta wa garuruwa ajiye hatsi a rumbunan tsimi, ba a buɗewa sai da izini. Talakawa ba su so abin ba. Ni ban ga laifinsu ba. Mutumin da ya gaji rufe rumbu daga ubansa, ga shi yana roƙon izini kafin ya ci guminsa.

Sannan gyaɗa ta zo da kuɗi. Lanho da kuɗi ake biyansa, kuma gyaɗa ce ke kawo kuɗin. Gonakinta suka yi ta ƙaruwa a Maradi da Damagaram, har a 1962 gwamnati ta kafa SONARA don sayenta. An samu keke, an samu rediyo da atamfa, wannan gaskiya ne. Amma samari suka fara son nasu na kansu, gandu ya fara rabewa, rumbun shekara uku ya zama labari a gidaje da yawa. Da farin 1973 ya zo, ya tarar da rumbuna ba nauyi. Bisashe suka mutu, aka koma jiran jar dawar taimako a kamiyo. A 1975 kuma cuta ta faɗa wa gyaɗar kanta.

Shekarar 1984 ta zo da fari, ga Najeriya ta rufe iyaka. Shi ya sa a nan ake kiran wannan yunwa El Buhari. Kakata ta ce a wannan shekara tulunta ne ya ba su irin shuka, ganyen da ta shanya kuwa shi ya kai su har hatsi ya nuna. Kwaɗon tafasa da safe, kunu da dare. Ba su ƙoshi ba, amma gonarsu ba ta kwana ba shuka ba.

Ta 2005 kuwa da idona na gan ta, ina yaro. Akwai hatsi a kasuwa, kuɗin saye ne babu. Buhu mai kilo 100 ya kai jika 30 a wasu kasuwanni. A nan dole in faɗi wata gaskiya, kada a ce duk wanda ya wahala almubazzari ne. Gonar da kaka ɗaya ya noma, yau jikoki goma ke rabonta. Mai ƴar gona wadda hatsinta ba ya wuce wata huɗu, me zai rufe a rumbu? Da yawa sun sayar da hatsinsu da arha lokacin girbi don biyan bashi, suka dawo suna sayensa da tsada da damina. Tsimi ba ya ƙara faɗin gona. Abin da na gani dai shi ne, cikin gidaje masu ƙarfi ɗaya, wanda matansa suka san ganye da shanya ya fi jurewa.

Yanzu kakata ta rasu. Rumbun gandunmu ma an raba shi tun tuni, kowane ƙanen babana da nasa. Tulun yana ɗakin innata. Da azumin bana na leƙa ciki, na tarar da hatsi ya kai wajen tiya 6. Na tambaye ta na mene ne. Ta ce na shuka ne, in rufe mata tulu kada kaji su gani.